Darasi: Gyaran Gareji Ya Zama Wurin Sana'a, da Haƙa Ɗakin Ajiya a Ƙarƙashinsa

Darasinmu na wannan mako na masu gareji ne a ƙofar gida, waɗanda tsadar hayar shago ta sa su ke so su mai da shi wurin sana'a, ko kafinta, ko mai walda, ko mai gyaran babur, ko mai sayar da kayan gini. Da yawa in sun auna wurin suka ga ya yi kaɗan, sai shawara ta zo a haƙa ƙasa a fid da ɗakin ajiya a ƙarƙashi, tun da babu fili gaba, babu baya. To, abu ɗaya mu ke so ku riƙe. Haƙan ramin shi ne mafi arha a cikin aikin. Kuɗin da hatsarin suna wajen riƙe ginin da ke sama, da tare ƙasar da ke gefe, da hana ruwa shiga. Wanda ya lissafa leburori da diga kawai, bai fara lissafi ba tukuna.

Mu nan adadin kaya za mu bayar. Kuɗinsu kuwa sai ku ɗauko daga shafin farashi, don siminti da rodi ba su kwana biyu a kan kuɗi ɗaya.

Fasali na ɗaya: inda al'adar ta fito

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya fi yawa a ƙasashen sanyi, kamar Kanada da arewacin Amurka. Can in hunturu ya yi, ruwan da ke cikin ƙasa daskarewa ya ke yi ya kumbura, har ya ɗaga gini. Saboda haka dokarsu ta ce harsashi, watau fandisho, sai ya nutsa ya wuce inda sanyin ke kaiwa. A birnin Toronto ƙafa 4 ne, mita 1.2 ke nan. Tun da dole ne a haƙa haka, in an ƙara mita ɗaya da ɗoriya an sami ɗaki sukutum. Mu kuwa ƙasarmu ba ta daskarewa. Harsashin gidan da ba bene ba yawanci ƙafa 2 ne zuwa 3. Duk taƙin da aka ƙara a kan wannan, sabon kuɗi ne.

Kuma ku lura, waɗancan tun ran gini su ke haƙa nasu. Haƙa a ƙarƙashin ginin da ya riga ya tsaya wani aiki ne dabam, ko ina a duniya mai tsada ne. A Landan, inda tsadar fili ta sa masu hali su ke yin haka, akwai dokar 1996 wadda ta ce in za ka haƙa cikin mita 3 daga ginin maƙwabci, kuma ramin zai zarce harsashinsa zurfi, sai ka sanar da shi a rubuce. A 2015 ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea ta taƙaita irin wannan haƙa ga hawa ɗaya a yawancin gidaje. Masu injuna da injiniyoyi ke nan su ke taka-tsantsan haka, balle mai diga da shebur.

Fasali na biyu: abin da bango ke zaune a kai

Bango a kan harsashi ya ke zaune, harsashi kuwa a kan ƙasa. Nauyin ba sauka ya ke yi sak kamar sanda ba, bazuwa ya ke yi gefe da gefe, kamar yadda tsibin gero ke faɗi daga gindi. Ƙa'idar da masana gini ke bi a sauƙaƙe ita ce: daga gindin harsashi, duk mita ɗaya da za ka nutsa, ka ja baya mita ɗaya. Ƙasar da ke cikin wannan gangara tana ɗauke da bango ko da ido bai gani ba. In yashi ne, ko ƙasar ciko, sai an ja baya fiye da haka.

Bari mu gwada da gareji mai tsawon mita 6, faɗin mita 4. A ce gindin harsashinsa yana santimita 90 daga daɓe. Ana son ɗakin da mutum zai miƙe ya jera kaya, mita 2.4, in an haɗa da kaurin daɓen ƙasa haƙa ya kai mita 2.7. Watau an zarce harsashi da mita 1.8. A bar 1.8 dama, a bar 1.8 hagu, 3.6 ta tafi daga cikin mita 4. Saura santimita 40, wurin da ko buhun masara ba zai kwanta ba. Kun ga ashe a gareji babu dabarar gewaye harsashi. Sai dai a ƙara masa ƙafa ya sauka har gindin ramin, bayanin wannan yana zuwa a fasali na biyar.

Ƙasa ba abin raini ba ce. Kyubik mita ɗaya, watau rami mai tsawo da faɗi da zurfi na mita ɗaya-ɗaya, ƙasarsa ta kai kamar tan 1.7, nauyin buhun siminti 34. In gefen rami ya zubo wa mutum zuwa ƙirji, numfashi ya gagara ko da kansa yana waje. Ƙarfin da ƙasa ke tura bango da shi kuma, in zurfi ya ninka biyu, shi ninkawa ya ke yi huɗu. Don haka bulo mai rami, ko da inci 9 ne, ba bangon ɗakin ƙasa ba ne.

Fasali na uku: ruwa

Kada kowa ya yanke shawara da rani. A Kano watan Agusta ya fi kowane wata ruwa, kuma ruwan cikin ƙasa yakan kai maƙurarsa daga nan zuwa Satumba. Lokacin ne za a leƙa rijiyoyin unguwa a auna da igiya. In ruwan rijiya yana tasowa ya rage ƙasa da mita 3 da baki, magana ta ƙare, a bar haƙa. In babu rijiya kusa, a haƙa ramin gwaji nesa da bango, a rufe shi da kyau saboda yara, a bar shi ya ga damina guda.

A kuma tambayi dattawan unguwa tarihin filin. Kududdufai da yawa na cikin birni, inda kakanni suka ɗebi ƙasar gini, an cike su da shara an yi gidaje a kai. Irin wannan wuri ba ya ɗaukar haƙa. Marmara tana da wuyar sara amma tana tsayawa. Yashi na jigawa zubowa ya ke yi. Baƙar laka irin ta gefen Tafkin Cadi da ta hanyar Gombe zuwa Numan, da damina ta kumbura, da rani ta dare, tana tura bango tana sakinsa. Sa'an nan a duba inda salga da sokawe su ke, naka da na maƙwabci, don ruwansu gangara ya ke nema, ramin da ya fi zurfi kuwa shi ne gangara.

Ga lissafin ruwa. Kyubik mita ɗaya na ruwa lita 1,000 ne, tan ɗaya cif. In ruwan cikin ƙasa ya hau mita ɗaya bisa gindin daɓen ɗakinmu mai murabba'in mita 24, yana tura daɓen sama da ƙarfin tan 24. Daɓen da ba rodi fashewa zai yi. Ana shafa wa bangon ɗakin ƙasa kwalta ta baya in sabon gini ne, amma a ƙarƙashin tsohon gini hannu ba ya kaiwa bayan. Abin dogaro shi ne kankare mai yawan siminti wanda aka girgiza da inji ya zauna babu rami-rami, da roba mai tare ruwa a mahaɗai, da ƙaramin rami a kusurwa inda ruwa zai taru injin ja ya fitar. Ku tuna kuma, daren da a ke ruwa mai ƙarfi shi ne daren da aka fi ɗauke wuta.

Bayan na ƙasa akwai na sama. Da daminar 2022 ruwa ya shiga shagunan Kantin Kwari ya ɓata kaya. Ran 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri har Kasuwar Monday. In shagon da ke daidai da titi ya sha ruwa zuwa gwiwa, ɗakin da ke ƙarƙashinsa ya cika har rufi. Bakin matakala lalle ya zama a cikin gini, da dakali mai tsayi kewaye da shi, kuma a san iyakar inda lambatun layin ke kaiwa in ya tumbatsa.

Fasali na huɗu: lissafin kaya

Mu koma ga garejinmu na mita 6 da 4. Murabba'i 24 sau zurfi 2.7 ya ba da kyubik 65. Ƙasa in an haƙe ta ƙaruwa ta ke yi da kamar rubu'i, ta zama kyubik 81. Da baro, sawu sama da 1,100 ke nan. Nauyinta kamar tan 110, tifa mai ɗaukar tan 10 sawu 11. Kowane sawu da kuɗinsa, kuma ba a tara ta a titi.

Sai kankare. Bango kewaye mita 20, tsayi 2.7, kauri santimita 25, kyubik 13 da rabi. Daɓen ƙasa mai kaurin santimita 20, kyubik 5 ba kaɗan. Rufin kankare na sama, wanda zai zama sabon daɓen gareji, santimita 15, kyubik 3 da rabi da ɗoriya. Jimla kamar kyubik 22.

Buhun siminti kilo 50 ne, kwanon sarki 2. Kwaɓin da aka saba, buhu 1 da yashi kwano 4 da tsakuwa kwano 8, yana cin buhu 6 da ɗoriya a kyubik. Wanda zai tare ruwa kuwa, buhu 1 da yashi kwano 3 da tsakuwa kwano 6, yana cin kamar buhu 8. In an yi bango da daɓe da mai ƙarfin, rufi da wanda aka saba, an tasam ma buhu 170. Yashi kamar kyubik 10, tsakuwa kamar kyubik 19. Rodi kusan tan 2, tan ɗaya na mai milimita 12 kuwa sanda 93 ne. Ba mu sa matakala ba, ba mu sa filasta ba, ba katakon kafinta, ba waya, ba injin ruwa, ba ladan ma'aikata da na injiniya. Wannan kintace ne don ku san girman abin, adadi na gaskiya zanen injiniya ne zai bayar.

Me aka samu? Matakala mai hawa 15 tana cin murabba'i kusan 4 a ƙasa, da kamar 3 a sama. Daga 24 saura 17. Ɗaki mai girman garejin nan in a bisa ƙasa aka gina shi, bulo kamar 600 ne, kuma in ban da bulon ba zai ci rabin wancan siminti ba. A ƙara da watannin da sana'a za ta tsaya, don sai an fasa daɓen gareji. Ɗan kasuwa sai ya raba jimlar kuɗin da hayar sito na shekara a unguwarsa, ya ga shekara nawa kafin uwar kuɗi ta dawo.

Fasali na biyar: in haƙan ya zama dole

Farko izini. A Kano hukumar tsara birane, KNUPDA, ita ke amincewa da zanen gini, kowace jiha kuma da irin tata. Na biyu injiniyan gini mai rajista da COREN, majalisar da aka kafa a 1970 don rajistar injiniyoyi. A nemi lambarsa. Birkila komai ƙwarewarsa, lissafin nauyi ba fanninsa ba ne. Na uku maƙwabci. Malaman Malikiyya sun daɗe da magana a kan hana cutar da maƙwabci wajen gini, har wani magini na Tunis, Ibnur Rami, ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini a ƙarni na 14. In bango na tarayya ne, ko ginin ƙasa ne, ko harsashinsa ba kankare, shawararmu a haƙura.

Yadda a ke ƙara wa harsashi ƙafa shi ne, a raba bango gaɓa-gaɓa, kowace kamar mita ɗaya, a sa musu lamba 1 zuwa 5, a sake 1 zuwa 5, har a gewaye. A haƙa masu lamba 1 kaɗai, a tokare gefen ramin da katako. Watau kashi ɗaya cikin biyar na bango ne ke rataye, sauran huɗun suna riƙe da shi. A ɗaura rodi a bar bakinsa don haɗawa da gaɓa ta kusa, a zuba kankare, a bar tazarar inci 3 tsakaninsa da tsohon harsashi. Bayan kwana ɗaya ko biyu a cusa wa tazarar kwaɓin siminti da yashi mai ɗan danshi kawai, a dandaƙa shi da katako da guduma. Dalili kuwa, kankare yana ɗan janyewa in yana bushewa, in an cika shi tun farko zai bar tsaga, bango ya sauko ya bi ta. In ya kama, sai a koma lamba 3, sa'an nan 5, sa'an nan 2, sa'an nan 4. Ba a buɗe gaɓa biyu maƙwabtan juna lokaci ɗaya.

Ƙasar tsakiya ba a taɓa ta sai an gama gewaye, kuma kafin a kwashe ta sai an gitta tokara daga bango zuwa bango, don har a zuba daɓe da rufi, ƙasar waje tana tura su ciki. A fara aiki bayan ɗaukewar ruwa, a rufe kafin watan Mayu. Rami in ya wuce ƙafa 4 ba a shiga sai da tokara, da tsani a ciki, da mutum a sama yana kallo. Ƙasar da aka fitar a ajiye ta mita ɗaya ko fi daga baki. Kankare yana son ban ruwa kwana 7, ƙarfin da a ke lissafi da shi kuwa sai kwana 28. In an ga tsaga tana hawa a karkace kamar matakala, ko ƙofa ta ƙi rufuwa, ko filasta na zubowa, kowa ya fito, mutanen gida ma su fito, a kira injiniya.

Wanda ya ce zai kwashe ramin duka cikin mako biyu da rabin kuɗi, a sallame shi da girma. Garin neman gira a ke rasa ido.

Fasali na shida: gyaran garejin kansa

Da haƙa ko ba haƙa, gyara yana da jeri. Rufi tukuna, don banza ne a yi fenti a ƙarƙashin kwano mai yoyo. In silin ko rufin na asbestos ne, irin wanda aka yi yayi a shekarun 1970 da 1980, kada a yanka shi da inji ko a farfasa, ƙurarsa tana jawo cutar huhu bayan shekaru. A jiƙa shi a cire fefe-fefe.

Sai daɓe. Inci 4 na kankare ya isa tela da kafinta, inci 6 in mota za ta shiga ko za a kafa inji mai nauyi. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashi saboda danshi, a ba shi ɗan gangara zuwa ƙofa. In za a faɗaɗa ƙofa, a tokare sama a zuba sabuwar linta kafin a cire bulo ko ɗaya.

Sai wuta. Wayar fitila milimita 1.5, ta soket 2.5, injin walda kuwa layinsa dabam da waya mai kauri daga allon rarraba wuta. A sa wayar ƙasa, a sa makashin da ke yanke wuta in ta bi jikin mutum. Sai iska: taga biyu masu duban juna, ɗaya ƙasa-ƙasa ɗaya sama. Ƙofar da ke shiga cikin gida daga gareji a toshe ta da bulo, saboda gobara da hayaƙi. Bokitin yashi da tukunyar kashe gobara su zauna bakin ƙofa, don wutar fetur ba a zuba mata ruwa.

Yawancin ƙuncin wuri kuwa sama ke maganinsa. Kanta ta ƙarfe daga daɓe har rufi, mai faɗin rabin mita, hawa 5, a bangon mita 6, ta ba da wurin ajiya murabba'i 15. Ku gwada da 17 ɗin da ramin ya bayar bayan buhu 170.

Fasali na bakwai: abin da ba ya sauka ƙasa

Ɗakin ƙasa komai kyansa yana da danshi. Atamfa da shadda, fulawa, sukari, takarda, siminti, duk suna lalacewa, ƙarfe kuma ya yi tsatsa. Abin da ya dace da shi tayil ne, da bututun roba, da kwalabe, da robobi, su ma a kan katako, ba a jingine da bango ba. Janareta ba ya sauka ko na minti ɗaya, hayaƙinsa yana da guba marar wari mai kashe mutum yana zaune. Tukunyar gas, da fetur, da tina ta masu fenti, tururinsu ya fi iska nauyi, gangarawa ya ke yi ya kwanta a wuri mafi zurfi yana jiran tartsatsi. Don haka mai walda da mai gyaran babur su ne suka fi kowa rashin dacewa da rami a ƙarƙashin wurin aikinsu. Kabayid kuma in ya taɓa ruwa iskar wuta ya ke fitarwa, wurinsa busasshe ne a sama.

Aikin wannan mako

Kowane mai niyya ya ɗauki awo ya amsa wa kansa tambaya huɗu. Mita nawa ne daga bakin rijiyar unguwa zuwa ruwa a watan Satumba? Zurfin harsashin garejina nawa ne, kuma bangon nawa ne ni kaɗai? Kyubik nawa na ƙasa zai fita, buhu nawa na siminti zai shiga, a farashin yau? Shekara nawa na hayar sito wannan kuɗi zai biya? In amsa ɗaya daga ciki ta ƙi, a gyara sama a sa kanta, a bar ƙasa ta ci gaba da ɗaukar bango. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya tsare mu da asara, amin.